Yadda Ake Kiwon Tarwada a Kano Ba Tare da Ruwa ko Jari Ya Ƙare Ba

Idan ka zaga unguwanni irin su Hotoro, Rijiyar Zaki, Ɗorayi ko Mariri, da wuya ka rasa gidan da ke da tankin siminti a bayan ɗaki, ya bushe ƙayau, an mayar da shi ma'ajiyar itace ko wurin kwanan tantabaru. Tambayi maigidan, zai ce maka ai ya taɓa kiwon kifi. Zubi ɗaya ko biyu ya yi, ya haƙura. In ka bi diddigi, labarin ba ya wuce ɗaya cikin uku: ruwa ya gagare shi, ko kuɗin abinci ya ƙare kifi bai kai ba, ko maƙwabta sun kai shi gaban mai unguwa saboda ɗoyin ruwan da yake sakowa a lambatu.

Alhali kasuwar na nan. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a shekarar 2022, a karon farko, halittun ruwa da aka kiwata sun zarce waɗanda masunta suka kamo, tan miliyan 94.4, kashi 51 cikin 100 na jimillar. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwadar Afirka, amma har gobe muna shigo da daskararren kifi daga waje. Madatsun Tiga da Chalawa da tafkin Bagauda ba za su iya ciyar da Kano ba komai ƙoƙarin masunta. Matsalar tankunan da suka bushe ba ta rashin mai saye ba ce. An gina su ne bisa lissafin ribar da wani ya faɗa a wurin ɗaurin aure, ba bisa ruwan da ke gidan ba.

Mataki na farko: ƙirga ruwanka kafin ka ƙirga kifi

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa. Mutum ya ce zai zuba dubu biyu, sannan ya fara neman inda zai samo ruwa. Juya lissafin.

Mafi yawan birnin Kano yana zaune ne a kan dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana maƙale ne a tsagogin dutsen da ruɓaɓɓiyar ƙasar da ke samansa. Shi ya sa za ka ga bohol biyu a layi ɗaya, ɗaya na ambaliya, ɗaya na tari. Damina kuma wata huɗu ce zuwa biyar, saura duk rani. Don haka kada ka gwada bohol ɗinka a watan Agusta ka ɗauka ka san shi. A watan Afrilu ko farkon Mayu ake gane bohol na gaskiya. Kunna famfo, ka duba minti nawa yake ɗauka kafin ya cika jarka mai lita 25, ka kuma duba awa nawa yake yi kafin ya fara jan iska. Yi haka kwana uku a jere. Daga abin da ya fito ka cire na sha da girki da wanka da alwala, ka cire na maƙwabtan da suka saba zuwa ɗiba. Abin da ya rage shi ne na kifi.

Ga misali. Tanki mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, ruwa a zurfin mita 1, yana ɗaukar lita 6,000. Ga mai farawa, shawarata kada ya wuce tarwada 50 a kowace lita 1,000, wato 300 a wannan tankin. Akwai masu ninka haka, amma masu ruwa a wadace ne da idon da ya saba. A watanni biyu na ƙarshe, lokacin da kifi ya yi nauyi yana ci da yawa, za ka riƙa sauya aƙalla kashi ɗaya cikin uku na ruwan kusan kullum. Lita 2,000 ke nan, jarka 80 a rana. Wanda ke tunanin zai yi kiwo da ruwan 'yan garuwa, to ya tsaya a kan wannan adadin ya yi nazari.

Ba kowane ruwa ba ne. Kada ka janyo daga Jakara, ko daga ɓangaren kogin Chalawa da ke ƙasa da masana'antun jima na Sharaɗa da Chalawa, domin dattin jima yana ɗauke da ƙarafa masu guba da ke taruwa a jikin kifi su wuce cikin mai ci. Kududdufan cikin gari ma haka, shara da bahaya duk can suke gangarawa. Ruwan famfo na gwamnati yana da sinadarin kulorin, sai ya kwana ɗaya ko biyu a buɗaɗɗen mazubi kafin ya shiga wajen kifi. Shi kuwa na bohol yakan fito da ƙarancin iska, don haka a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama, kada a cusa bakin tiyo cikin tanki.

In da hali, ka sa sola a famfon. Mai da dizal sun kashe gonakin kifi fiye da cuta.

Mataki na biyu: wurin zaman kifi, da inda ruwansa zai tafi

Hanyoyi uku ne: kwarmin ƙasa, tankin siminti, da tamfol. Kwarmin ƙasa ya fi rahusar gudanarwa, domin ƙasa da rana suna tace ruwan da kansu, amma yana son fili da ƙasar laka mai riƙe ruwa, irin ta wajejen Kura, Kadawa da Bunkure inda ake noman rani. A cikin birni, siminti ne ko tamfol. Tamfol ya dace da ɗan haya da uwargidan da ke son ta gwada a tsakar gida, sai dai yana saurin ɗaukar zafi da sanyi. A yi masa rumfar zana, a ɗaga shi daga ƙasa mai tsakuwa, a kuma kula da ɓera.

Idan siminti ne, ka tsaya a kan magini ya karkatar da daɓen zuwa kusurwa ɗaya, mafitar ruwa ta kasance a can ƙasa, yadda kashin kifi da ragowar abinci za su fara fita kafin ruwan sama mai tsabta. Sabon siminti yana da kaifi, yana ƙona fatar kifi. Cika shi da ruwa, ka jefa buhu ɗaure da busasshen kashin shanu ko saran ayaba, ka bar shi mako biyu, ka zubar, ka wanke da buroshi ba sabulu, ka sake cikawa. In kana da takardar gwajin tsamin ruwa, ka nemi awo tsakanin 6.5 da 8.5. In babu, zuba 'ya'yan kifi goma su kwana biyu ka gani.

Tun ran gini ran zane. Kafin a ɗora bulo na farko ka amsa wannan tambaya: lita 2,000 na ruwan kifi a kullum, ina za su? Wanda amsarsa ita ce lambatun unguwa, kada ya fara. Zan dawo kan wannan.

Mataki na uku: sayen iri

Tarwada ce ta fi dacewa da tanki, saboda tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska kai tsaye daga sama, don haka tana jure cunkoso da ruwan da karfasa ba za ta kwana a ciki ba. Akwai kuma ramboshi, da haɗin tarwada da ramboshi, mai yin girma sosai amma yana son lokaci mai tsawo. Karfasa ta fi sauƙin ciyarwa, tana cin ganye da gansakuka, ba ta buƙatar garin kifi da yawa, kuma ta wannan fuska ta fi tarwada sauƙi ga muhalli. Sai dai tana son ruwa mai iska da fili, ga yawan haihuwa har ta cika kwarmi da ƙanana marasa kasuwa. Mai kwarmin ƙasa zai iya haɗa su, tarwada ta riƙa rage 'ya'yan karfasa. Mai tanki ya tsaya ga tarwada.

Mai farawa ya sayi waɗanda suka ɗan tasa, masu mako shida zuwa takwas, tsawon babban yatsa ko fiye, maimakon 'yan mitsi-mitsi masu araha. Araha ba ta ado. Je wurin mai ƙyanƙyasa da ƙafarka, kada ka yi oda ta waya. Ka sa a watsa musu abinci a gabanka: lafiyayyu za su rufar masa nan take. Ka duba ko girmansu ɗaya ne, ko akwai masu tsayawa a tsaye kai sama, masu lanƙwasasshen baya, ko masu farin gemu. Ka tambaye shi daga ina iyayen suka fito. Da yawa suna haɗa 'yan uwa ɗaya shekara da shekaru, irin ya riƙa tsumburewa, ka ciyar wata shida kifi bai wuce rabin kilo ba. Akwai kuma masu tsame manyan su sayar daban, su bar maka ragowar da ba ta girma. Ni ma an taɓa yi mini haka a zubina na biyu, wata biyar ina ciyar da kifin da kansa ya fi jikinsa. In ba ka san kowa ba, nemi shawarar malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta Jihar Kano, ko sashen nazarin kiwon kifi na Jami'ar Bayero, ko ka leƙa gonar kifi ta Bagauda.

Ɗauko su da sanyin safiya a jarkar da aka yanke samanta, ba a ba su abinci ba tun daren jiya. Da ka iso, ɗora jarkar a kan ruwan tanki kamar minti ashirin, kana ɗebo ruwan tankin kaɗan-kaɗan kana zubawa a ciki, sannan ka karkata ta su fita da kansu. Kada ka ba su komai sai washegari.

Lokacin zubi ma abin dubawa ne. Kada ka zuba ƙanana a Disamba ko Janairu. Zubin ƙarshen Fabrairu ko Maris yana samun zafin da kifi ke so, zubi na biyu kuma ya shiga a Yuli ko farkon Agusta don ya kusa kaiwa kafin hunturu ya kankama.

Mataki na huɗu: abinci, inda kuɗin yake

Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da za ka kashe, abinci ne. A ce cikin 300 ɗin nan 270 suka rayu, kowane ya kai kilo ɗaya a wata biyar zuwa shida. Da abinci mai kyau, kilo 1.2 yakan ba da kilo ɗaya na kifi. Kilo 324 ke nan, kusan buhu 22 masu kilo 15. Je ka tambayi farashin buhu yau, ka ninka sau 22. Idan ba ka da wannan kuɗin a hannu ko hanyar da ka tabbatar zai shigo, rage yawan kifin. Tarwada 150 da suka ƙoshi sun fi 300 da suka yi wata guda suna azumin dole, domin tarwada mai yunwa 'yar'uwarta take ci.

Wata biyun farko ka sayi na kamfani mai yawo a saman ruwa, ka fara da ƙwaya mai kaurin milimita 2, ka hau 3, ka hau 4, daga baya 6, gwargwadon bakin kifin. Ƙanana suna son sinadarin gina jiki kashi 42 zuwa 45, sau uku a rana. Manya kashi 35 zuwa 40 ya ishe su, sau biyu. Amfanin mai yawo shi ne kana ganin abin da aka ci. Tsaya a wuri ɗaya kullum, ka watsa kaɗan-kaɗan, da ka ga zafin cin ya ragu ka dakata. Duk ƙwayar da ta kai minti goma tana yawo asara ce sau biyu: kuɗinta ya tafi, kuma za ta ruɓe ta ɓata ruwan da za ka ƙona mai ka sauya. Kada ka bar wa yaro wannan aikin ba ka koya masa ba. Yaro zai juye kwano ɗaya ya tafi ƙwallo.

Akwai wani abu game da buhun nan da ba a cika faɗa ba. Garin kifin da ke cikinsa daga teku yake. Wani daga ƙananan kifayen gaɓar Peru, wani daga masana'antun Muritaniya, Senegal da Gambiya, inda ake niƙe kifin da talakawan can ke miya da shi a fitar da shi waje. Ma'ana, ana kama kifi a ciyar da kifi. Ga shi kuma da dala ake sayensa, duk ranar da naira ta faɗi buhunka ya tashi. Rage garin kifi ba wai tausayin teku kaɗai ba ne, kare aljihu ne.

Mu kuwa a nan muna da kasuwar hatsi ta Dawanau. Daga wata na uku za ka iya haɗa naka. Ga misalin kilo 100: tunkuzar waken soya 35, tunkuzar gyaɗa 20, masara 20, garin kifi 15, dusar alkama 7, sauran 3 kuma garin ƙashi, gishiri kaɗan, mai, da haɗin bitamin na kifi da ake sayarwa a shagunan kayan kaji. Wannan zai ba ka sinadarin gina jiki wajen kashi 36. A niƙa shi lukui, a kwaɓa da ruwan zafi don sitacin masara ya kama, a matsa a injin fitar da ƙwaya, a shanya a inuwa mai iska har ya riƙa karyewa ƙas. Abu biyu kada ka yi wasa da su. Ɗanyen waken soya yana da sinadarin da ke hana narkewar abinci, dole a soya shi ko a dafa. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, in ka ji warin rima ka bar ta ko kyauta ce. Ka sani kuma na gida nutsewa yake yi, ba za ka ga ragowa ba, don haka sai ka auna a sikeli: kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin kifin a rana. Kamo goma duk mako biyu ka auna, ka san nauyin tankin.

Abin da na fi sa wa rai shi ne tsutsar baƙin ƙudan nan da ake kira sojan ƙuda. Ba ƙudan gida ba ne, ba ya sauka a abincin mutane. Tsutsarsa tana cin ruɓaɓɓen kayan lambu da 'ya'yan itace, irin waɗanda ake zubarwa tuli-tuli a kasuwannin 'Yan Kaba da 'Yan Lemo, cikin kamar mako biyu ta yi ƙiba, kuma busasshiyarta tana da sinadarin gina jiki wajen kashi 40. Baho uku a inuwa, da dusa kaɗan don rage jiƙa, sun isa gwaji. A wanke ta a ba kifi a matsayin ƙari, ta maye rubu'in abincin yini, ba duka ba, domin tana da kitse.

Mushen kaji da ɗanyen hanji daga kwata kuwa, a bar su. Na san ana yi, kuma kifi na ƙiba da su. Amma suna kawo cuta, suna narkar da ruwa cikin awoyi, naman ya yi ƙarni da kitse. Malamai ma sun yi dogon bayani a kan dabbar da ke rayuwa a kan ƙazanta, wadda ake kira jallala. Ko ba ka shiga saɓaninsu ba, ranar da masu saye suka ji abin da kifinka ke ci, ka rasa su.

Mataki na biyar: warewa

Duk mako biyu, a wata biyun farko, ka rage ruwa da sassafe kafin a ci abinci, ka kwashe su a baho, ka raba manya da ƙanana. A kowane zubi akwai 'yan kaɗan da ke tsere wa sa'o'insu, kuma su ne ke haɗiye na baya. Wanda ya zuba 300 ya kwashe 180 ba tare da ya ga gawa ba, ba ɓarawo ne ya ɗebe masa ba, junansu suka ci. Saboda haka ko ƙaramin tamfol ne, ka tanadi wuri na biyu.

Mataki na shida: ruwa ɗaya, aiki biyu

Ruwa ba ya tsami banza. Daga sinadarin naitirojin da ke cikin abinci, abin da ke zama nama bai fi kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ba. Saura yana fita ta kashi da ta matsefin da kifi ke numfashi da shi a matsayin amoniya, wadda guba ce gare shi, kuma gubarta na ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: kumfa da ba ta fashewa, wari mai hawa kai, kifi ya rage ci, ko ya rataye a sama. Kada ka jira su. Kowace safiya buɗe mafitar ƙasa har baƙin ya gama fita, sannan ka mayar da sabo. Sauya kashi ɗaya cikin uku a kai a kai ya fi zubar da duka sau ɗaya a mako, ya fi sauƙi ga kifin, ya fi sauƙi ga bohol.

To wannan abin da ke guba ga kifi, shi ne manomi ke saye a buhun taki. Haƙa rami ko ka gina ƙaramin kwami kusa da mafita, ruwan ya fara zama a ciki na 'yan awoyi, laka ta kwanta. Na saman ka ja shi da tiyo zuwa kwamin alayyafo, rama, yakuwa, kuɓewa, ko gindin zogale, gwanda, ayaba da lemo. Lakar ka kwashe duk mako, ta bushe a rana, ta zama taki. Rufe ramin da raga, kada ka mayar da gidanka gonar sauro. Lita 2,000 a rana a tsakiyar rani, a garin da ake sayen ruwa da jarka, dukiya ce. In ba ka da fili, nemi mai lambu ko mai rainon itatuwa a kusa, ya zo da kurarsa ya kwasa. Ganyen da ake ci ɗanye, irin su latas, a ba shi ta gindi, a kuma koma ruwa mai tsabta kwanaki kafin a cire. Ruwan da ka sa wa gishiri ko magani kada ya je lambu.

Hunturu

Tarwada ta fi walwala a ɗumin digiri 26 zuwa 30. A daren Disamba da Janairu sanyin Kano yakan sauko ƙasa da digiri 15, tamfol kuma ba ya riƙe ɗumi. Kifi zai daina ci, ba don ciwo ba. Kada ka tilasta, kada ka ruga kantin magani. Mayar da ciyarwa zuwa tsakanin hantsi da la'asar, ka rage yawa, ka ƙara zurfin ruwa, ka rufe saman da leda daga magariba ka bar kafar iska. Ruwan da ya fito daga bohol kai tsaye ya fi na tankin sama ɗumi da asuba, da shi za ka yi sauyi. A bazara kuma akasin haka: inuwa, da ciyarwa da sassafe da bayan la'asar.

Mataki na bakwai: idan ciwo ya shigo

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin abin da ake kira cutar kifi, ɓacin ruwa ne ko cunkoso ko rauni daga kwasa. Da ka ga gyambo, farin gemu, kumburin ciki ko mutuwa biyu-uku a rana, dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, sauya rabin ruwa, cire marasa lafiya zuwa wani baho, ka narka gishiri kilo 1 zuwa 2 a kowace lita 1,000. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. In mutuwa ta ci gaba, ɗauki wanda ke gargara, ba wanda ya riga ya mutu ba, ka kai wa likitan dabbobi.

Abin da ya zama ruwan dare shi ne a farke kafso na mutane ko maganin kaji a zazzaga a tanki duk mako da sunan rigakafi. Wannan yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ruwan ya fita da su unguwa, ragowar maganin kuma ta zauna a naman da yara za su ci. In likita ya rubuta magani, ka cika kwanakin, ka tambaye shi kwana nawa za ka jira kafin sayarwa, ka kuma jira ɗin ko da dillali na tsaye da kuɗi. Gawar kifi a binne ta da zurfi da farar ƙasa. Komar kwasar kifi da baho na kowane tanki daban, kuma kada ka ari na wata gona.

Ka ajiye littafi: ranar zubi, adadi, buhun da aka buɗe, wanda ya mutu, awon mako biyu. A ƙarshe raba kilon abinci da kilon kifi. In ya haura 1.5, akwai inda yake zuba, ko a iri, ko a abinci, ko a hannun mai bayarwa.

Mataki na takwas: kwasa da sayarwa

Nemi mai saye tun saura wata guda. Zaga kasuwar kifi ta Galadima, ka yi magana da masu gashi da masu farfesu na yamma, ka ji girman da kowa ke so, domin mai gashi na son babba, mai banda na son matsakaici. Wanda ya bari sai abinci ya ƙare sannan ya kira dillali, farashin da aka yanka masa shi zai karɓa. Dakatar da abinci kwana ɗaya kafin kwasa, ka sauya ruwa sosai don ƙarni ya fita, a yi awo da sikelinka, kana tsaye. Sayarwa kai tsaye ga gidajen unguwa, kilo biyu nan uku can, ya fi wahala amma ya fi tsoka.

Abin da bai shiga ba a yi banda. Kilo 3 zuwa 4 na ɗanye ke ba da kilo 1 na busasshe, da wannan za ka sa farashi. A fasa ciki, a wanke silɓin da gishiri, a jiƙa a ruwan gishiri na ɗan lokaci, a tsane, a naɗe, a jera. Rufaffen murhu mai tire hawa-hawa, ko da na ganga ne da maƙeri ya yi maka, yana cin itace kaɗan ƙwarai in aka gwada da buɗaɗɗen rami, kuma kifin ba ya yin baƙi. Totuwar masara, garin katako da dunƙulen ɓuntun shinkafa duk suna ci, ga injinan casa ko'ina daga Kura har cikin gari. Taya, leda da katako mai fenti kada su kusanci wutar, hayaƙinsu yana barin sinadarai masu jawo sankara a jikin kifi. Kada kuma a fesa masa Sniper ko wani maganin ƙwari don korar tsutsa, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haka. Kifin da ya bushe sosai, ya huce, aka ɗaure a leda mai kauri, ba ya buƙatar komai, in ya jima sai a sake ɗumama shi a murhu.

Kayan cikin da ka cire a dafa a ba kaji, ko a zuba wa tsutsa, amma kada su koma bakin tarwada. Tankin kuma a wanke shi, a bar shi ya sha rana mako guda. A cikin makon nan ka zauna da littafinka, ka sake gwada bohol da jarkar nan mai lita 25, ka ga ko ruwan zai ɗauki tanki na biyu.